Ɓaraka a ƙwaƙwalwar salula: facin ne ke rage gudu, ko kuwa facin ba ya ma isowa?

A ƙarshen watan Janairun 2025, masu bincike na jami'ar Georgia Tech ta ƙasar Amurka da takwarorinsu na jami'ar Ruhr da ke birnin Bochum a Jamus suka bayyana wasu ɓaraka guda biyu da suka gano a cikin ƙwaƙwalwar da kamfanin Apple ke sa wa wayoyinsa da kwamfutocinsa. Sun raɗa musu suna SLAP da FLOP. Ta farko ta shafi wayoyi tun daga iPhone 13, ta biyun kuma tun daga iPhone 15 Pro. A gwajin da suka yi, sun nuna cewa shafin intanet da aka shirya don mugunta zai iya leƙa abin da mutum ya buɗe a wani shafin daban, kamar wasiƙunsa na Gmail ko wuraren da ya ziyarta. Apple ya ce bai ga wata barazana ta gaggawa ga masu amfani da kayansa ba.

Wata biyar bayan haka, ranar 20 ga Yuni, wata doka ta fara aiki a ƙasashen Tarayyar Turai. Dokar ta tilasta wa duk kamfanin da ke son sayar da waya a can ya ci gaba da aika mata sabuntawa na tsawon aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin.

Labaran biyu sun wuce ba tare da an ce uffan a majalisun hira na Maraɗi ko Damagaram ba, kuma ba abin mamaki ba ne. Amma dukkansu sun taɓo wata ɗabi'a da kusan kowa ke da ita a nan: in saƙon « mise à jour disponible » ya bayyana a fuskar waya, sai a danna « plus tard ». Wasu don tsoron ƙarewar mega, wasu kuma don sun yi imani cewa sabuntawa dabara ce ta kamfanoni, su kashe wa waya gwiwa don a sayi sabuwa. Wannan zato bai faɗo daga sama ba. Yana da tushe, sai dai an haɗa labarai biyu ne aka yi musu kuɗin goro.

Daga ina maganar ta taso

Ranar 3 ga Janairun 2018 duniya ta ji sunayen Meltdown da Spectre. Ƙungiyoyin masu bincike da dama ne suka gano su, kowa ta tasa hanyar: Jann Horn na sashen Project Zero na kamfanin Google, da wasu masana na jami'ar fasaha ta Graz a ƙasar Ostiriya, da Paul Kocher, da sauransu. Tun watan Yunin 2017 aka sanar da kamfanonin Intel da AMD da Arm a asirce, aka ba su lokaci su shirya magani. An so a fitar da labarin ranar 9 ga Janairu, amma jaridar The Register ta Ingila ta riga ta fasa ƙwan, dole aka gaggauta.

Abin da ya tayar da hankali shi ne matsalar ba a cikin wata manhaja take ba, da za a goge a sa wata. A cikin ƙirar ƙwaƙwalwar kanta take, wato ƴar guntuwar nan da masu gyara ke kira furosesa, wadda ke yin duk lissafin da na'ura ke buƙata. Kuma ba kuskuren ma'aikaci guda ba ne. Wata dabara ce da injiniyoyi suka daɗe suna alfahari da ita, tun shekarun 1990.

Dabarar ita ce riga malam masallaci. Ɗauki misalin mai shayi da ya san abokan cinikinsa. Da ya hango Malam Wane daga nesa, ba ya jira ya zauna, sai ya ɗauko kofi, ya buɗe gwangwanin madara, ya fara haɗi. In hasashensa ya yi daidai, ya rage wa kansa lokaci. In kuma yau Malam Wane ruwan bunu yake so, sai ya mayar da kayan, babu asara sosai. Haka furosesa ke yi: maimakon ta tsaya jiran amsar wata tambaya, sai ta yi hasashen inda aikin zai dosa, ta fara yin sa. In ta yi kuskure ta zubar da sakamakon. Wannan ne ya sa na'urori suka ƙara gudu ƙwarai.

Matsalar ita ce, ko da mai shayi ya fasa haɗin, gwangwanin madarar ya riga ya baro cikin akwati ya dawo kan tebur. Wanda ke zaune yana lura, in ya nemi madara ya ga an ba shi nan take, ya san an ɗauko ta ba da jimawa ba, ya kuma san wa aka ɗauko wa. Furosesa ma tana da irin wannan tebur, wani ɗan ma'aji na kusa inda take ajiye abin da ta taɓa kwanan nan. Maharin yana yaudarar ta ta yi hasashe a kan bayanan da ba shi da izinin gani, sannan ya auna tsawon lokacin da take ɗauka wajen amsa masa. Daga bambancin lokacin, ɗan kaɗan ɗan kaɗan, yake tsinto sirrin, ko da lambar sirri ce.

Tunda ba a iya kwance furosesa a sake mata ƙira bayan an sayar, sai aka koma ga faci ta hanyar manhaja. Facin kuwa ba komai ba ne illa a hana ta wani ɓangare na hasashen, ko a ƙara katanga tsakanin ɗakunan bayanai. Duk wanda aka ce ya rinƙa kulle ƙofa duk lokacin da ya shiga ko ya fita, dole tafiyarsa ta ragu.

A kan kwamfutoci raguwar ta tabbata. Ƙiyasin farko ya ce tsakanin kashi 5 zuwa 30 cikin ɗari, gwargwadon irin aikin. Waɗanda suka fi jin jiki su ne manyan kwamfutocin kamfanoni masu ajiyar bayanai, da ke karatu da rubutu a faifai ba dare ba rana. Kamfanin Microsoft ya faɗa da bakinsa cewa masu sababbin kwamfutoci na 2016 zuwa sama da ƙyar za su lura, amma masu tsofaffi, musamman masu Windows 7 da 8, za su ji bambanci. Gaggawar ma ta haifar da nata ɓarna. Facin farko na Intel ya sa wasu kwamfutoci suna mutuwa suna tashi da kansu, har kamfanin ya ce a dakatar da sa shi ranar 22 ga Janairu. Na Microsoft kuma ya hana wasu tsofaffin kwamfutoci masu furosesar AMD tashi gaba ɗaya. Kuma abin bai ƙare a 2018 ba: a watan Agustan 2023 an bayyana wata ɓarakar mai suna Downfall, wadda facinta kan iya cinye har rabin gudun wasu ayyuka na musamman.

To a waya fa?

A nan labarin ya bambanta, kuma wannan ne ɓangaren da bai yaɗu ba. Apple ya amince cewa duk wayoyinsa na iPhone abin ya shafa. Amma ya riga ya saka maganin Meltdown tun a iOS 11.2 da ya fito a watan Disamban 2017, mutane suka yi ta amfani da shi ba wanda ya san an yi. Maganin Spectre ya biyo baya ranar 8 ga Janairun 2018. Bisa gwajin kamfanin, na farko bai rage gudun da za a iya aunawa ba, na biyun kuma bai kai kashi biyu da rabi cikin ɗari ba, shi ma a gwaji guda na manhajar Safari. Ana iya cewa mai kaya ba ya kushe kayansa, amma akwai dalilin da ya sa adadin bai zama abin mamaki ba. Aikin waya ba irin na waɗancan manyan kwamfutoci ba ne. Kallon bidiyo, saƙon murya, ɗaukar hoto, yawancinsu wasu sassa ne na daban a cikin ƙwaƙwalwar ke ɗaukar nauyinsu, kuma facin bai cika shafar su ba.

Inda masu Android suka biya farashi shi ne a RAM. Babbar hanyar da Spectre zai bi ya shigo waya ita ce shafin intanet, don haka Google ya sa manhajar Chrome ta rinƙa ware wa shafuka ɗakuna daban-daban. A kwamfuta wannan ya ƙara cin RAM da kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari. Da aka kawo tsarin kan waya a 2019, sai aka taƙaita shi ga shafukan da ake shiga da lambar sirri, ƙarin ya tsaya a kashi 3 zuwa 5. Sannan aka ce sai wayar da ke da RAM na giga 2 zuwa sama. Wato wayar da ke ƙasa da haka ba ta rasa gudunta ba, domin ba a ma ba ta kariyar ba.

Me ya sa ke nan mutane suka tabbata a ransu cewa faci na kashe waya? Domin makonni biyu kacal kafin labarin Spectre, a watan Disamban 2017, Apple ya amsa wani laifi na daban. Ya yarda cewa tun daga iOS 10.2.1 yana rage gudun iPhone 6 da 6s da SE, daga baya har da 7, idan batirinsu ya tsufa, wai don kada su rinƙa mutuwa ba zato ba tsammani. Hujjar tana da ma'ana ta fuskar fasaha. Laifin shi ne bai gaya wa kowa ba, mutane suka yi ta sayen sabuwar waya alhali canjin batir kaɗai ya ishe su. Kamfanin ya nemi afuwa, ya rage kuɗin canjin batir daga dalar Amurka 79 zuwa 29. A watan Oktoban 2018 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci Apple tarar yuro miliyan 10, Samsung kuma miliyan 5, kan sabuntawar da ta raunana tsofaffin wayoyi. A Fabrairun 2020 Faransa ta ƙara wa Apple tarar yuro miliyan 25, wato sama da sefa miliyar 16.

Labarin batir da labarin furosesa sun zo a wata guda, suka cakuɗe a kunnen jama'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai maganar batir daban, facin tsaro daban.

Sa'ar talaka, da inda ta ƙare

Akwai wani abin ban dariya a cikin lamarin. A 2018, yawancin wayoyin da ke hannun mutanen Tawa ko Yamai ba su cikin haɗarin Spectre da Meltdown kwata-kwata. Wayoyi masu araha suna amfani ne da ƙirar Cortex-A7 ko Cortex-A53 ta kamfanin Arm, daga baya kuma A55. Waɗannan suna bin aiki ne ɗaya bayan ɗaya, ba su yin nisa a hasashe, don haka ba su cikin jerin da Arm ya fitar na waɗanda abin ya shafa. Masu tsada ne suka shiga, irin su Cortex-A57 da A72 da A73 da A75. Mai shayin da ba ya riga kowa haɗi ba ya barin gwangwani a tebur.

Wannan sa'a tana ƙarewa, domin yanzu ko wayoyi masu matsakaicin kuɗi sun koma ƙirar A75 da A76. A watan Maris na 2022 masu bincike na jami'ar Vrije ta birnin Amsterdam suka nuna wani sabon salon Spectre da ya tsallake katangun da aka gina bayan 2018, kuma ya shafi sababbin ƙirar Arm da dama.

Amma ko a lokacin da sa'ar ke aiki, ba ta hana komai ba, domin Spectre ba shi ne ɓarawon da ya fi sauƙin shiga gida ba. Harin yana da wuyar shiryawa, yana buƙatar gwaninta. Kafofin da aka fi amfani da su suna cikin ƙananan manhajojin da ke tuƙa sassan ƙwaƙwalwar, kuma facinsu ba ya rage gudu ko kaɗan. Matsalarsu ɗaya ce: facin ba ya isowa.

Misali mafi kusa da mu shi ne na MediaTek, kamfanin ƙasar Taiwan da ke ƙera ƙwaƙwalwar ɗimbin wayoyi masu araha. A farkon 2019 aka gano wata kafa da ke ba kowace manhaja damar zama mai cikakken iko a kan waya. Ta shafi samfura da yawa, har da Helio A22 da P22. MediaTek ya miƙa wa masu ƙera wayoyi facin cikin ƴan watanni. Duk da haka sai a watan Maris na 2020 Google ya sa shi cikin jerin facin Android na wata-wata, don tilasta wa kamfanoni su aika. Kafin nan kamfanin tsaro na Trend Micro ya riga ya gano manhajoji uku a cikin Play Store da ke amfani da kafar don leƙen asiri. Kusan shekara guda magani na nan, mara lafiya bai gan shi ba.

Ba ƙananan kamfanoni kaɗai ba ne. A Nuwamban 2022 Project Zero ya koka cewa Arm ya toshe wasu kafofi a sashen hoto na Mali tun watannin Yuli da Agusta, amma facin bai kai ga wayoyin Samsung da Xiaomi da Oppo ba, har ma da Pixel na Google ɗin kansa. A Maris na 2023 sashen ya sake bayyana kafofi 18 a ɓangaren sadarwa na ƙwaƙwalwar Exynos ta Samsung. Huɗu daga ciki, lambar wayarka kawai mahari ke buƙata. A Disamban 2024 kuma ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto kan yadda hukumomin ƙasar Sabiya suka buɗe wayoyin ƴan jarida da masu fafutuka suka dasa musu manhajar leƙen asiri, binciken da ya kai ga gano wata kafa a ƙwaƙwalwar Qualcomm. Ga ɗan jarida, lauya ko ɗan ƙungiyar farar hula, a kowace ƙasa yake, wannan ba tatsuniya ba ce.

Masu sayen iPhone na hannu su ma suna da nasu kaso. A Satumban 2019 aka bayyana checkm8, ɓarakar da ta shafi wayoyi daga iPhone 4S zuwa iPhone X, kuma babu facin da zai taɓa toshe ta domin a jikin ƙarfen take. Sauƙin abin shi ne sai wayar ta shiga hannun mutum ya haɗa ta da kwamfuta.

Dalilin jinkirin ba ɓoyayye ba ne. Faci yana bin dogon layi: daga mai zana ƙira zuwa mai ƙera ƙwaƙwalwa, daga nan zuwa mai haɗa waya, wanda sai ya daidaita shi da kowane samfuri ya gwada kafin ya aika. Kowane mataki albashin injiniya ne. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara bakwai a Oktoban 2023, Samsung ya yi wa Galaxy S24 irinsa a Janairun 2024, domin ribar waya guda ta isa ta biya. Wayar jika talatin ko arba'in ba ta da wannan rarar, kuma kamfanin da ke fitar da samfura da dama kowace shekara hankalinsa na kan na gaba. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, shi kaɗai yana riƙe da kusan rabin kasuwar wayoyin zamani ta Afirka. Duk shawarar da ya yanke kan tsawon lokacin sabuntawa ta fi kowace doka ta ƙasa guda tasiri a kan tsaron wayoyin nahiyar.

A da, waya ta kira ce da saƙo. Yanzu mutane da yawa a cikinta suke karɓar kuɗin da ƴan'uwa ke aikowa, ta Airtel Money ko MyNita ko AmanaTa, a cikinta ɗan kasuwa ke ajiye lissafin bashi da hoton takardun kaya. Gaskiya ne ɓarayin yau sun fi samu ta hanyar kiran mutum su yaudare shi ya karanto musu lambar sirri da bakinsa. Amma wayar da ta shekara uku ba faci, kafofinta a rubuce suke a fili, duk mai so zai karanta, kuma manhajar da aka tura ta Bluetooth ko Xender daga wayar aboki ba wanda ya tantance ta.

Idan waya ta yi nauyi, masu laifin na gaske sanannu ne. Batir ya tsufa. Ma'aji ya cika da bidiyon WhatsApp. Manhajoji suna ƙara girma kowace shekara alhali RAM na nan yadda yake. Ga kuma zafi: kowace furosesa tana rage gudunta da kanta in ta ɗau zafi don kada ta lalace, kuma a watannin Afrilu da Mayu, waya a aljihu ko a kan caji cikin rumfar kwano ba ta buƙatar wani faci kafin ta fara jan ƙafa. Ya kamata kuma a bambanta iri biyu na sabuntawa. Canja Android gaba ɗaya zuwa sabon zubi yana iya yi wa ƙaramar waya nauyi, nan tsoron mutane yana da hujja. Facin tsaro na wata-wata kuwa yawanci ƙarami ne, kuma ba ya canja yadda waya ke aiki.

Dokar Turai ta lura da wannan bambanci. Ban da shekara biyar ɗin, ta ce idan sabuntawa ta rage wa waya ƙarfi, dole kamfani ya gyara kyauta. Ta kuma buƙaci batir ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa, kayan gyara kuma su kasance a kasuwa har shekara bakwai. Wayar da aka ƙera don Turai, in ta iso nan a matsayin ta hannu, za ta zo da wannan gata. Amma yawancin samfuran da ke cike da shagunanmu ba a sayar da su a Turai, don haka dokar ba ta hau kansu ba.

A ganina ba sai an jira dokar shekara biyar ba kafin a fara wani abu. Mataki mafi araha shi ne a tilasta wa masu shigo da waya su rubuta a jikin kwali ranar da kamfani zai daina aiko da facin tsaro, kamar yadda ake rubuta ranar lalacewar magani. Hukumar ARCEP, da ke sa ido kan harkar sadarwa, tana da hurumin buɗe wannan magana. Nijar ita kaɗai ƙaramar kasuwa ce a idon waɗannan kamfanoni, amma ita da Mali da Burkina Faso sun haura mutum miliyan 70, kuma sun riga sun fara daidaita wasu al'amuran sadarwa a tsakaninsu. Kamfanonin layi su ma za su iya daina cire mega a kan saukar da facin tsaro, tunda su ne ke tallar ajiye kuɗi a waya.

Kafin nan, mai saye yana da abin dubawa guda wanda ba ya cin ko dala. A shiga « Paramètres », a je « À propos du téléphone », a nemi layin da ke nuna ranar sabuntawar tsaro ta Android. Waya sabuwa a kwali da ranarta ta wuce shekara guda, in aka haɗa ta da intanet kuma ba ta sami wata sabuntawa ba, alama ce kamfanin ya riga ya juya mata baya, kuma wannan dalili ne na neman ragi ko duba wata.